Ranar da Israa Ta Ɗaga Ido

Rakiya ba ta yi nisa da shiga takaba ba labarin ya shigo gidan. Tana zaune a tabarma ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da marigayi Ɗanmusa ya kafa a tsakar gida, tana tsince tsakuwa daga cikin dawa, sai ga 'yarta Israa ta faɗo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Mutaz na biye da ita yana haki. Ɗan yayar Rakiya ne, shi ya sa yake ce mata Halti, yana da shagon waya a bakin kasuwa.

"Yumma! Yumma, sun kira ni!"

"Ke, gidan rasuwa ne fa. Su wa suka kira ki?"

"Mutanen Denmark, Halti," in ji Mutaz, bakinsa har kunne. "Jama'a ce ta nema daga ko'ina, 'yan kaɗan suka ware, kuma tana ciki. Saura su gan ta ta waya su yi mata tambayoyi, shi ke nan sai jirgi."

Rakiya ta ajiye faifan. Tun ranar da aka fita da maigidan ba abin da ya motsa mata ƙirji irin wannan. Amma ba ta ce komai ba sai "Alhamdu lillahi," ta kuma ce wa yarinyar ta sa takalminta.

Sunan Denmark ba baƙo ba ne a gidan. Tun da Israa ta gama karatun injiniyan noma a nan Gadarif take son ƙarawa, ga shi yaƙi ya rufe hanyar Khartoum, waɗanda ke can ma su ne suka gudo suka cika makarantu da gidajen dangi. Sai ta gano wata jami'a a Denmark mai ɗaukar 'yan ƙasashen waje. Da Turanci ake koyarwa, kuma akwai gurbin da ake ɗauke wa mutum nauyin karatu duka. Abin da ya fi tafiya da hankalinta, wai ɗalibi ba ya zama a aji kawai. Ana tura shi kamfanonin da ke ƙera na'urorin noma da manyan fankokin nan masu jawo lantarki daga iska, ya yi aiki da su tun yana karatu, in sun ga ƙwazonsa su riƙe shi. Ɗanmusa bai san komai game da ƙasar ba sai gwangwanin madara da ya taɓa gani da sunanta, amma ya ce ƙasar da ta iya kiwon saniya haka ba za ta rasa abin koya wa 'yar manomi ba.

Aikin da ta nuna musu ta nemi gurbin da shi kuwa, a tsakar gidan nan aka haife shi. Ɗanmusa yana da 'yar gona wajen Simsim, kuma kamar kowa yana binne dawarsa a matmura, ramin da ake haƙawa a zuba hatsi a rufe sai lokacin buƙata. Wata shekara danshi ya shiga ramin ba wanda ya sani. Da aka buɗe, rabin dawar ta yi baƙi tana wari. Israa ta ga babanta zaune bakin ramin ya rafka tagumi, daga nan ta shiga haɗa wata sandar ƙarfe da ake cakawa cikin matmura, da ɗan farantin hasken rana a kanta. In danshi ko zafi ya tashi a ciki, sandar ta aiko da saƙo zuwa wayar mai rami.

Ranar ganawar, Mutaz ya ɗauko farantin intanet na shagonsa ya ɗora a kan rakuba, domin Rakiya ba ta fita, kuma ta ce sai a gabanta za a yi. Atika, yayar marigayi, mai sayar da shayi da gahawa a ƙofar kasuwar amfanin gona, ta rufe rumfarta ta zo da gawayi da kofuna.

"Gwaggo, ba fa zuwa za su yi ba," in ji Israa. "Ta waya ne."

"Baƙo ko ta waya baƙo ne. In ba su sha ba ai sa ga hayaƙi, su san ba gidan matsiyata suka kira ba."

Aka jingina wayar da tulu a kan ɗan tebur. Can sai ga wata Baturiya mai furfura da tabarau ta bayyana, tana murmushi tana ɗaga hannu. Rakiya ba ta jin Turanci ko kalma, saboda haka ta zuba wa 'yarta ido. Abin da ta gani ya faranta mata rai ƙwarai. Yarinyar ta naɗe ƙafa, ta haɗa hannu a cinya, ta sunkuyar da kai. In matar ta yi doguwar tambaya, sai ta amsa a taƙaice da murya ƙasa-ƙasa, ko sau ɗaya ba ta dubi tsabar idon babbar mace ba. Rakiya ta ce a ranta, to, ko Turawa sun ga 'yar mutunci yau.

Sai dai matar tana ta matsowa kusa da wayar kamar mai neman allura a ƙasa. Mutaz kuma, wanda ke jin abin da ake faɗa, ya dafe kai tun ana tsakiya.

Da aka kashe waya, Rakiya ta ce, "Madalla. Ba ta kunyata mu ba."

"Halti," in ji Mutaz, "ta kashe mu."

"Wane irin ta kashe mu? Yarinya ta zauna kamar amarya!"

"Ai shi ne. An tambaye ta wa ya ƙera sandar, ta ce malamanta ne suka koya mata, abokan karatunta suka taimaka, babanta ya haƙa rami, sauran kuma ikon Allah. Aka ce to ke me kika yi? Ta ce ɗan abin da ba a rasa ba. Aka ce me kika fi iyawa? Ta ce ita ba ta fi kowa ba. Matar ta ce ta daina ce mata ranki ya daɗe, ta kira ta da sunanta, Bodil, haka suke yi a can ko da shugaban jami'a ne. Wallahi Halti kamar an ce ta zagi uwarta."

"To ƙarya ta yi? Ba ikon Allah ba ne?" in ji Atika.

"Ikon Allah ne, Gwaggo, amma ba Shi za a ba gurbin karatu ba."

Atika ta jefe shi da mafici. Israa dai kanta na ƙasa, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

Mutaz ya ƙarasa. Farfesar ta ce aikin ya burge su, amma daga abin da ta ji yau ba ta san ko na Israa ne ko na wasu ba, su kuwa wanda ya yi aikin suke nema, don shi za su tura kamfani ya zauna da injiniyoyi ya ce musu nan kun yi daidai, nan kun yi kuskure. Ta ce za ta sake kira mako mai zuwa, ita da wani abokin aikinta. In sun gamsu, gurbin nata ne. In ba su gamsu ba, akwai mai jira a bayanta.

Atika ta miƙe ta ɗaure tob ɗinta, dogon mayafin lulluɓi, a ƙugu.

"Au, cika baki suke so? Ku ce mini haka mana! Ni da nake sayar da ruwan zafi da ganye mutane na layi? Ku bar ni da ita."

Washegari da la'asar ta dawo, ta tsayar da Israa a tsakiyar gida.

"Buɗe ƙafa. Riƙe ƙugu. Ce, ni ce Israa 'yar Ɗanmusa, guguwar Simsim, wadda ta sa rami ya yi magana!"

"Gwaggo, don Allah."

"Ce! Ni ce ruwan kaka mai ba dillali zawo! Kafin ni ba a yi ba, bayana sai kwaikwayo!"

"Yaya Atika, gidan rasuwa ne," in ji Rakiya, amma ita ma ta rufe baki da gefen tob.

"Ƙanena ne ya rasu, na fi ki sanin gidan rasuwa ne. Da yana nan shi zai riƙe mata ganga. Ke, ɗaga murya, Turawan nan da alama kurame ne."

Israa ta gwada. Ta kai "guguwar" sai dariya ta ƙwace mata, ta durƙushe tana riƙe ciki, Mutaz na tambaya yaya za a faɗi zawon dillali da Turanci. Gidan da ya kwana biyu ba a ji dariya ba ya ɗauka, har maƙwabciya ta leƙo ta kan danga. Amma da Mutaz ya zauna a kujera ya ce shi ne farfesa, ya gyara murya ya tambaye ta wa ya yi sandar, nan take kan ya koma ƙasa, muryar ta shige ciki.

Haka aka yi ta yi. Da Atika ana dariya, da tambaya ta zo kai ya sunkuya. Rana ta uku ko ta huɗu Israa ta ture kujerar.

"Ku ƙyale ni. Ba zan iya ba. In na buɗe baki in ce ni na yi, sai in ji kamar na tuɓe a kasuwa. Yabon kai jahilci ne. Su ba wancan mai jiran."

Ta shige ɗaki. Atika ta dubi Rakiya ta ce, "Kin ji karatunki ko? Ta haddace."

Rakiya ta dubi ƙofar ɗakin. Karatunta ne kuwa, kuma ba ta ga laifinsa ba. Haka uwarta ta rene ta a Fau, haka aka reni uwar. Israa kuma 'yar fari ce, ita kuwa 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yabonta, ba a nuna ana ji da ita. Ƙannenta ana kiran su da suna har a ɗora su a cinya, ita sai "ke", sai "yarinyar nan". Ranar da ta zo ta ɗaya a makarantar sakandare ta shigo tana tsalle, abin da Rakiya ta ce shi ne ga kwanoni can suna jira. Sannan uwar ta shiga madafa ta yi kukan daɗinta ita kaɗai, hayaƙi ya ɗauki laifin.

Ba a taɓa jin giɓin ba, domin akwai mai cike shi. Ɗanmusa ba ya da wannan kunyar ko kaɗan, har 'yan'uwansa na yi masa tsiya. Shi ne ya saɓa sandar nan a kafaɗa ya zagaya kasuwar amfanin gona da ita, yana tare dillalan riɗi yana cewa ku zo ku ga abin da 'yata ta yi. Direban raksha, babur mai ƙafa uku, ma in ya ɗauko shi sai ya ji labarin kafin a sauke shi. Yarinyar ba ta taɓa buƙatar buɗe baki ba, uban ya riga ya faɗa. Yanzu bakin nan yana ƙarƙashin ƙasa. Rakiya ta dubi angareb ɗinsa, gadon igiya, da aka jingine a bango, igiyar tsakiya ta lotsa daidai inda yake zama, ta daɗe tana dubansa.

Da safe, bayan an sha shayi ƙannen sun tafi makaranta, Israa na shara a bakin ƙofa. Rakiya ta buɗe baki, ya ƙi. Ta sake gwadawa.

"Israa."

Tsintsiyar ta tsaya. Yarinyar ta waiga wajen danga, tana zaton maƙwabciya ce.

"Ni ce na kira ki. Israa. Zo ki zauna nan."

Ta zo a hankali kamar mai taka ƙaya, ta zauna a gefen tabarma ta ba uwar kafaɗa.

"Ba nan ba. Gabana. Dube ni."

"Yumma, lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗago. Ba hancina ba, idona."

Da ƙyar idanun suka haɗu. Rakiya ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa, ita ma saura kaɗan ta kau da kai. Sai ta ga ashe idon uban ne sak a fuskar yarinyar, har da ɗan jan nan na gefe. Ta daure.

"In alƙali ya kira ki ya ce wa ya haƙa matmurar babanki, za ki ce ba ki sani ba?"

"A'a. Baba ne da Husain mai tarakta."

"In kika ce ba ki sani ba fa, alhali kin gani?"

"Na ɓoye shaida."

"Mai ɓoye shaida me ya yi?"

"Zunubi."

"To. Matar nan tana can ƙarshen duniya, ba ta taɓa ganin tsakar gidan nan ba. Ba kirari ta nema ba, wannan na Gwaggonki ne. Tambaya ta yi, wa ya yi abin nan. Wanda zai ba da shaida ya tafi. Ni da na gani ba na jin yarensu. Saura wa?"

Israa ta sauke kai.

"Ni dai ga abin da na gani," in ji Rakiya. "Na ga yarinya ta kwance rediyon babanta ta ciro 'yan hanjinsa, ya yi kwana uku ba ya jin labarai. Na ga dalma ta ƙone mata yatsa, ni na shafa mata man riɗi, tana cewa wuta ce ta madafa don kada in hana ta. Na ga sanda ta farko ta yi tsatsa a rami, ta jefar da ita bayan ɗaki ta ƙi cin abinci. Na ga ta sake wata. Ban ga malami a gidan nan ba. Ban ga abokan karatu ba, sai wata mai gilashi da ta zo sau ɗaya ta cinye mana kisra ta tafi."

Dariya da kuka suka haɗe wa Israa, ta rufe fuska.

"Buɗe. Kunya abu ce mai kyau, ni na koya miki, kuma in kin dawo gidan nan ina son in same ta. Amma ba a shiga gona da kayan Sallah. Yanzu faɗa mini da Hausa, yadda zan gane. Mece ce a cikin sandar nan? Ta yaya ƙarfe ya san dawa ta jiƙe?"

"Yumma, abin da wuya."

"In kin iya fahimtar da ni, Baturiya ba za ta gagare ki ba. Fara."

Ta fara, tana in'ina, ido na zamewa ƙasa. Duk sanda ya zame, Rakiya ta ƙwanƙwasa faifai da yatsa, ya dawo. Kafin azahar an ɗauko sandar daga ɗaki, an kwance kanta a kan tabarma. Rakiya na tambaya irin ta mai sayen akuya. Don me wannan waya ja ce wannan baƙa? In hadari ya rufe rana fa? In ɓera ya ci? Wa ya ce miki ki naɗe ta da roba, malamin ne?

"A'a, ni na ga tsatsar ta fara daga nan, sai na..."

"Sake faɗa."

"Ni na gani."

"To ci gaba."

Kwanakin da suka rage haka suka tafi. Mata masu zuwa gaisuwa su tarar da mai takaba da 'yarta sun tasa ƙarfe a gaba suna musu a kan batir. Atika ta zo ta tsaya ta saurara, ta ce karatun ba gishiri, amma ta yarda ana jin muryar yarinyar daga ƙofar gida.

Ranar kira na biyu, Mutaz ya sake ɗora farantinsa, ya jingina waya da tulu. Rakiya ta ja tabarmarta ta kai bayan teburin, ta zauna daidai bayan wayar, inda mutanen Denmark ba za su gan ta ba amma duk mai duban wayar sai ya dube ta. Ta ɗora faifai a cinya.

"Halti, nan za ki zauna?"

"Kai dai kunna."

Matar ta bayyana, gefenta wani dogon mutum mai jan gemu, sanye da rigar sanyi kamar ɗan dako. Mutaz ya raɗa cewa shi ne mai haɗa ɗalibai da kamfanoni. Israa ta gaishe su. Rakiya ta ji sunan ya fito, "Bodil," a guje kamar an ciro ƙaya, matar kuwa ta yi dariya ta tafa hannu.

Tambayar farko ta zo. Kan Israa ya fara sauka. Rakiya ta ƙwanƙwasa faifai sau ɗaya. Idon ya ɗago ya same ta, ya tsaya.

Daga nan Rakiya ba ta san 'yarta ba. Muryar ta buɗe. Hannuwan da ke kwance a cinya suka tashi suna zana rami a iska, suna nuna inda ruwa ke shiga. Ta jawo sandar ta kusa da wayar, ta nuna robar, ta juya ta nuna tabon ƙuna a yatsanta. Mai jan gemu ya katse ta da wata tambaya yana girgiza kai, alamar bai yarda ba. Israa kuwa ta girgiza nata kan ita ma, ta ɗaga yatsa, ta mai da masa magana mai tsawo.

"Musu take yi da shi?" Atika ta raɗa. "Da namiji? Mai gemu?"

"Ya ce farantin ya yi ƙanƙanta, ba zai riƙe wuta ba in an yi kwana da kwanaki ana hadari," in ji Mutaz. "Ta ce masa ya zo Gadarif ya ga rana tukuna, kuma ta gwada shi damina guda cur."

"'Yar ƙanena!"

"Ku yi mana shiru," in ji Rakiya, ba ta ɗauke ido daga yarinyar ba.

Sai Israa ta miƙe ba tare da neman izini ba, ta ɗauko ƙwaryar dawa, ta caka sandar a ciki, ta kwarara ruwan buta. Kowa ya zuba ido. Kaza ta ratsa tsakar gida. Can wayar da ke aljihun Mutaz ta yi ƙara, ya zaro ta ya miƙa, Israa ta nuna musu saƙon. Mai jan gemu ya buga tebur yana dariya, ya juya yana yi wa matar magana da sauri da wani yare da ko Mutaz bai ji ba.

Kusa da ƙarshe matar ta yi wata tambaya a hankali. Idon Israa ya ciko, amma ba ta sunkuya ba. Ta amsa tana duban uwarta. Bayan an kashe waya Rakiya ta tambayi Mutaz me aka ce.

"Ta tambaye ta wa ta yi wa sandar tun farko. Ta ce babanta. Ta ce ya rasu, amma akwai masu rami da yawa daga nan har Fau, kuma tana son ta koyi yadda za a ƙera ta da yawa, da araha."

Rakiya ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ba su ba da amsa a ranar ba. Aka shiga jira. Israa ta kasa zama ta kasa tsaye, ta wanke kayan da ke wanke, ta share inda ke share. Atika kullum ta biyo da la'asar ta tambaya, in aka ce shiru ta ce Turawa ba su da ta ido, an ba su hayaƙin gahawa har sau biyu. Mutaz kuwa ya riga ya fara ba da labarin ƙasar kamar can aka yanke masa cibiya. Wai kowa a keke yake yawo har ministoci, wai da sanyi rana ba ta daɗewa take faɗuwa, wai ɗalibai a ƙungiya-ƙungiya suke aiki kuma malami na zama da su a ci abinci tebur ɗaya.

Amsar ta zo wata ranar Talata da hantsi, Rakiya na shanya kuɓewa. Ta ji ihu daga ɗaki, irin wanda ba a gane na daɗi ne ko na kunama. Israa ta fito da waya a hannu. Ta zube a gaban uwar ta rungume ƙafafunta.

"Sun ba ni. Yumma, sun ba ni! Har mai gemun ya ce akwai kamfanin da ke son ganin sandar in na iso!"

Rakiya ta dafa kanta da hannu biyu. "Mabruk, Israa," ta ce. "Mabruk."

Kafin a jima labari ya zaga unguwa. Atika ta iso a raksha ko kuɗin mai raksha ba ta tsaya biya ba, ta faɗo gida ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, sai idonta ya sauka kan farin tob ɗin Rakiya. Ta haɗiye ta da ƙyar har tana tari. Matan da suka biyo ta su ma suka yi cirko-cirko. Ba a guɗa a gidan takaba, kowa ya sani, ga shi kuma guɗar ta cika wa kowa baki.

Mardiyya maƙwabciya ce ta leƙo ta kan danga ta ce, "To ni gidana ba wanda ya mutu. Ku miƙo mini ita."

Suka dubi Rakiya.

"Me kuke kallona? Ku tafi da ita mana."

Suka kwashi Israa suka fita da ita kamar amarya, suka zagaya suka shiga gidan Mardiyya. Danga ce kawai ta kara tsakanin gidajen biyu. Guɗar Atika ce ta fara tashi, doguwa mai kaifi har kaji suka watse, sauran suka amsa, wata ta jawo bokiti ta mai da shi ganga. Rakiya ta ja tabarmarta ta matsa jikin dangar ta zauna. Hawaye na zuba, ba ta share ba, ƙafarta kuma na bin kiɗan bokitin a ƙarƙashin tob.

Mutaz ya shigo ɗaukar farantinsa ya same ta a haka.

"Kai," in ji ta, "sanyin nan da kake faɗa, ya kai a sa riga biyu?"

"Halti, ya kai a sa biyar."

"To ka tsaya wajen masu gwanjo ka duba mini masu kauri. Kada ka kawo baƙa. Ja take so."